Gidan gadonmu na tsohon garin Agadas, wai ba mu da ikon zuba siminti?

Ɗan Katako:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah wanda ya san kan dokar gine-gine ya taimaka mini, don abin nan ya ɗaure mini kai kuma saura kaɗan ya haɗa ni faɗa da yayana a waya.

Ni nan Yamai nake zaune, ina da 'yar rumfa a kasuwar Katako, kwano da siminti da ƙarfen dal, wato rodin zuba rufin kankare, nake saidawa shekara goma sha ɗaya ke nan. Amma innarmu mutuniyar Agadas ce, gidan da ta gada wajen babanta yana cikin tsohon gari, unguwar Amdit, in ka hau saman ɗaki kana hangen hasumiyar babban masallaci kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Gidan ƙasa ne tun na kakanni, zaure da ɗaki huɗu da tsakar gida. To damanar da ta wuce ruwa ya ci gindin katangar da ke bakin hanya ta tsage daga sama har ƙasa, ɗakin inna kuma yoyo yake yi har ta koma kwana cikin jikoki, tsohuwa mai ciwon ƙafa.

Sai na ce tunda Allah ya hore kuma kayan ginin sana'ata ce, bari mu yi mai gaba ɗaya. A rushe gaban gidan a tada shi da parpen, wato bulon siminti, a zuba dal, a ɗora etaj, wato bene, guda a sama, ƙasan kuma a fitar da butik biyu masu ƙofar ƙarfe a ba haya inna ta riƙa samun na cefane. Na aika kuɗi, yayana ya sauke yashi da tsakuwa, magini bai ma kama aiki ba sai ga wasu mutane sun zo sun ce a dakata, wai unguwar tana cikin patirimwan, wato kayan tarihin da aka kare, sai da izini, kuma wai ko an nemi izinin ba za a yarda da parpen a fuskar gida ba balle etaj. Yayana mutum ne mai tsoron hukuma, nan take ya ce shi ya cire hannunshi.

Shi ne nake tambaya, wannan magana doka ce ta gaske ko dai na goro ake nema? Gida namu, takardar gado tana nan da hannun alƙali, ta yaya wani zai ce ga irin bulon da zan sa? Kuma in sun hana mu siminti su ne za su riƙa biyan kuɗin yaɓe duk shekara? Don ni gaskiya na gaji da aika kuɗin yaɓe, kamar zuba ruwa a rariya.

'Yar Plato:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba inna lafiya. Maganar gaskiya ce, doka ce, kar ka ba kowa ko dala da sunan goro don ko ka bayar ba zai hana gobe a zo a tsayar da aikin ba, ka yi biyu babu.

Na yi aikin tsara birane 'yan shekaru, bari in faɗa maka abin da na sani. Tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya, kuma ba masallacin kaɗai aka sa ba kamar yadda mutane da yawa ke zato, garin ne dukanshi, unguwanni 11, da fadar Sarkin Abzin da gidajen talakawa da lungunan, kusan hekta 78, Amdit ɗinku tana ciki. Bayan wannan akwai wani zobe da ya kewaye shi, shi ma da nashi sharuɗɗan, don kar a bar cikin yadda yake sannan a zo bakinshi a dasa dogayen benaye. Kuma kafin UNESCO ma muna da tamu doka ta ƙasa, doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi kare kayan tarihi da al'adu, in abu ya shiga cikin jerin da aka kare ba ka rushe shi ko ka canza mishi kama sai da yardar hukuma. Ban da haka garin na da nashi ƙa'idojin gini na wannan yanki, da ofishi na musamman mai duba dosiye, wato takardun neman izini, kafin magajin gari ya ba da permi, izinin gini ke nan.

Maganar "gida namu ne" kuwa, ba wanda ya ce ba naku ba ne, ba a karɓe muku ba, za ku zauna, za ku saida in kuna so, 'ya'yanku za su gada. Amma ai ko nan Yamai in ka sayi fili a unguwar Kwara Kano da akt de sesiyon ɗinka, wato takardar mallakar filin, a aljihu, a ƙa'ida sai ka kai pilan, wato zanen ginin, meri, ofishin magajin gari, an ba ka permi kafin ka aza bulo ɗaya, kawai dai mun saba ba mu yi ne shi ya sa in an tambaye mu sai mu ji kamar zalunci. Bambancin a can shi ne ban da permin ana duba kamannin ginin. Abin da aka fi sa wa ido shi ne abin da mai wucewa ke gani daga titi, tsawon gini, kayan da aka yi fuskar da su, launi, ƙofofi da tagogi, kwano da ke leƙowa, wayoyin kuran da ke rataye, da manyan tallace-tallacen nan da ake zanawa jikin katanga da fenti mai ihu. Etaj ɗinka shi ne babbar matsala. Hasumiyar nan mita 27 ce, ta ƙasa zalla, ba wadda ta kai ta tsawo a irinta duk duniya, kuma abin da ke sa ta cika ido shi ne duk gidajen da ke kewaye da ita a durƙushe suke. In kai ka ɗora bene maƙwabcinka ya ɗora, wancan ya ce shi biyu zai yi, cikin shekara goma sai ka shiga lungu kana neman hasumiyar. Kuma ana cire gari daga jerin in ya lalata abin da ya sa aka sa shi, an cire Dresden ta Jamus a 2009 saboda gada guda, an cire Liverpool ta Ingila a 2021 saboda sababbin gine-gine bakin ruwa.

Shawarata, ka tahi da kanka ko ka sa yayanka ya ɗauki hotunan tsagar da na ɗakin inna, ku fara ta wajen mai unguwa, sannan ku rubuta takardar neman izinin GYARA, ba rushewa ba, a kai meri. Ku nemi a ba ku amsa a rubuce da tambari. Kar ku tsaya kan "wane ya ce".

Uwar Biyu:

Hmm. Yaya 'Yar Plato kin yi bayani mai kyau amma ni abin nan yana ba ni haushi wallahi. Masu rubuta dokar nan a ina suke kwana? Cikin vila da kilimatizer da karo har banɗaki. Sai talaka ne za a ce ya zauna cikin ƙasa tana zubo mishi a tuwo don baƙo ya zo ya ɗauki hoto ya koma otel. Yanzu ma ina baƙin? Tun yaushe rabon da a ga turis cike da Agadas kamar da.

Kuma abin dariya, nan Yamai wa ya kare mana wani abu? Ina tsohuwar unguwar Gawai? An tashe ta an gina otel da manyan ofisoshi bakin kogi, sunan kawai ya rage jikin otel ɗin. Ku je Maurai da Kalle da Zongo ku gani, gidajen banko ɗaya bayan ɗaya 'yan kasuwa na saye suna maida su magaza da etaj, ba wanda ya ce uffan. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012 shi ke nan labarinta ya ƙare. Wato a babban birni kowa ya yi abin da ya ga dama, a Agadas kuma tsohuwa ta kwana cikin yoyo saboda tarihi. Ƙawata da ta yi aure Mali ta ce haka mutanen Jenne ke kuka, an sa su cikin jerin tun 1988 kuma har yau mutum na son ya ƙara ɗaki ko ya gyara makewayi sai an yi ta kai da kawo. In gwamnati na son gidan ya zauna yadda yake to ta kawo kuɗin yaɓe, ba wai ta kawo takarda ba.

Ɗan Magini Bilbis:

Salamu alaikum. Ni daga Tawa nike, na karanta ma babana tambayarka, shi magini na, ya hi shekara arba'in shina aikin ƙasa kahin ƙarhi ya ƙare, yac ce in rubuto maka abin da zai hwaɗi, to ga shi kamar yadda ya hwaɗa, in kun ga Adaranci ku yi haƙuri.

Yac ce ɗana, kahin ka yi hushi da masu doka ka tambayi kanka mi yak kada katangar. Katangar da ta yi shekara ɗari tsaye ba ta tsagewa haka nan don ruwan dare guda. Shi a saninshi abu ukku ka kashe ginin ƙasa, kuma dut ukkun hannun mutum na. Na farko gindi. Hanya tana tashi kullum, shara da yashi da wanda ya zuba laterit ƙofar gidanshi, sai ka iske titi ya hi tsakar gida tudu, ruwa in ya zo ba shi da wurin zuwa sai ya kwanta gindin katanga ya jiƙa ta, ƙasa in ta sha ruwa daga ƙasa kuwa ta gama. Na biyu indararo. Da, kahin ruwan fari kowane mai gida shina hawa bisa ya share rufi ya toshe tsaga ya buɗe indararo, yanzu samari sun tahi bariki an bar tsofaffi, leda ta toshe indararo ruwa ya taru bisa ɗaki awa tabki, ina zai bi in ba cikin azara ba. Na ukku kuma yac ce in tambaye ka, kuma ka hwaɗi gaskiya tunda kai mai saida siminti na: an taɓa shafa ma katangar nan siminti ta waje?

Don in an taɓa to ga mai laihi nan. Siminti da ƙasa ba su aure. Ƙasa tana numfashi, ta sha danshi ta sake shi in rana ta hito, shi kuwa siminti rufe ta yakai. Shekarar farko ka ga abu sumul ka ce ka huta, amma zahi da sanyi na buɗa shi ya yi 'yan tsaga siraran da ido bai gani, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar hita, sai ƙasar ta ruɓe a ciki kai ba ka sani ba, gara ma ta samu gida mai sanyi. Ranar da zai hwaɗi sai ya ɓanɓaro awa ɓawon gyaɗa ya taho da rabin katanga. In ka ƙwanƙwasa da hannu ka ji shina ƙara awa ganga to ya rabu da jikin ginin tun tuni. Kuma dal bisa tsohuwar katangar ƙasa, yac ce wannan kar ma ka soma, nauyin ba nata ba na. In kuma ka rushe gaba ka tada parpen ka bar sauran na ƙasa, wurin da sunka haɗu nan za ya riƙa buɗewa duk shekara don ba tare suka zama ba.

Abin da shi zai yi in gidanshi na: a ɓanɓare dut simintin da ke jiki, a tone gindin a ɗaure shi da dutsi har ya ɗaga sama da titi, a gyara gangaren ƙofar gida ruwa ya riƙa gudu ba ya kwanta ba, a sake tada wurin da ya tsage da tubalin da ya bushe sarai, ba na kwana ukku ba. Ƙasar yaɓe kuma a kwaɓa ta da ciyawa da kashin shanu a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, ana juyawa, ba a kwaɓa da sahe a shafa da marece ba kamar yadda yaran yanzu ka yi don sauri. Nan ƙasar Hausa da makuba munka saba gamawa, ta ɓawon ɗorawa, ita ka sa ruwa ya zame. Ɗakin inna kuma a buɗe rufin a duba azara ɗaya ɗaya, wadda gara ta ci a canza, icce na giginya in an samu shi ya hi don gara ba ta son shi, a maida ƙasa da gangare zuwa indararo, indararon kuma ya yi tsawo ya zubar nesa da katanga. Yac ce yaɓen da anka yi da kyau ba na duk shekara ba na, abin da ke na duk shekara shi na dubawa.

Sannan yac ce in tuna ma wadda tac ce ƙasa ta talaka ta, ta zo jiharmu ta ga masallacin Yama. Falke Barmu yag gina shi da ƙasa a 1962, manomi na kuma magini, mutanen gari kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali wani ruwa wani icce, daga baya ya sake rufin da baka da ƙubba ya ƙara hasumiya huɗu kowace da kamarta, kuma a 1986 anka ba shi kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan arshitek na duniya ka nema. Ba wata UNESCO da ta tilasta musu, so na. Ga kuma Dandaji, tsohon masallacinsu na ƙasa da ya fara lalacewa ba su rushe ba, arshitek Mariam Kamara da abokiyar aikinta sunka gyara shi ya zama laburare, sabon masallacin kuma anka yi shi da tubalin ƙasa na matsi, an gama 2018. Siminti na ciki amma ɗan kaɗan, gauraye cikin ƙasar, ba shafe bisa ba. Kuma ga Malbaza nan kusa da mu inda aka yin simintin, ba rashin shi ya sa ba.

Ni kuma nawa na ƙara, ba na baba ba: ɗakin kwano da parpen nike haya Sabon Gari, watan huɗu ba ni iya kwana ciki sai waje, in na je gida Bilbis ɗakin soron baba awa an kunna kilim. Agadas kuma ga zahi ga ɗari mai shiga ƙashi. Ka tambayi inna wane ɗaki taka so kahin ka yanke mata.

Badamagare:

Allah ya ƙara wa baba lafiya, ya faɗi gaskiya. Amma ni ina tsakiya. Mu a Damagaram muna ji muna gani tsohon masallacinmu na Birni, na ƙarni na 19, ya zube a damanar 2024, kowa ya ga bidiyon a WhatsApp. Wannan ba siminti ko rashin siminti ba ne kawai, ruwan da ake yi yanzu ba irin na da ba ne, kuma gini in ya fara tsagewa ba ya jiran a gama taro. Birni tana cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tana jira tun 2006, gidajen nan masu zanen dagi da zankwaye a fuska, je ka ƙirga nawa suka rage da kyau. To ni abin da nake tsoro a maganarka ɗan uwa shi ne a ce maka dakata, kai ka yi fushi ka dakata gaba ɗaya, su ma su yi shiru, damana ta zo katangar ta faɗa kan yaran mutane. Hana rushewa daban, barin abu ya faɗi da kanshi daban, amma ƙarshensu ɗaya. Ko me za a yi a tokare katangar nan yanzu da itace, wannan ba ya bukatar jiran kowa.

Ɗan Katako:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka. Ɗan Magini ka gaida mini baba ka ce mishi ya kama ni dumu-dumu. Ni da kaina na aika buhu shida shekara biyar da suka wuce aka shafe fuskar gidan, har ina alfahari gidanmu ya fi na maƙwabta kyau. Na kira yayana yanzu na ce ya je ya ƙwanƙwasa, ya ce wallahi kamar kalangu. Kuma ya ce tun da maƙwabcinmu ya zuba laterit ƙofar gidanshi ruwan lungun duk wajenmu yake taruwa. To ka ji.

Amma Uwar Biyu ma ba ta yi ƙarya ba, ni har yanzu abin da ke ci mini rai ke nan. Etaj na haƙura da shi, dama don in na je da iyali mu samu wurin sauka ne. Butik ɗin fa? Don ba ado nake nema ba, abin da zai riƙe gidan nake nema, in akwai haya ko jika goma sha biyar ce a wata ita za ta biya mai hawa rufi kafin damana ba sai an jira ni ba. Yaya 'Yar Plato, in na bar fuskar ta ƙasa, ban ƙara tsawo ba, zan iya maida zauren shago in buɗe mishi ƙofa ta titi? Sannan makewayi, inna ba ta iya tsuguno yanzu, ina son in sa mata na zama da karo da 'yar fos, wato ramin da ƙazanta ke zuba, wannan ma sai an tambaya?

'Yar Plato:

Duka biyun ka sa su cikin takardar, kar ka ɓoye komai ka ce ai ciki ne ba mai gani. Buɗe sabuwar ƙofa canza fuska ne, dole a duba, amma ai tsohon garin ba makabarta ba ce, cike yake da shaguna da maƙera da masu ɗinkin fata, kasuwanci ne ma ya kafa shi tun zamanin ayari. Abin da zai taimake ka shi ne ka je da zane ko na hannu ne, ga faɗin ƙofar, ga irin marfin, kuma in ka ce na katako ne ko ƙarfe marar ƙyalli mai launin ƙasa maimakon rido na ƙarfe da allon talla ja da rawaya, maganar za ta fi sauƙin shiga. In zauren na da ƙofar titi dama, to ka yi tunanin amfani da ita ka fitar wa gida wata hanyar, wani lokaci wannan ya fi.

Makewayi kuwa ni a ganina shi ya fi komai muhimmanci, kuma ba don doka ba, don ruwan wanka da na fos in ya tsiyaya gindin katangar ƙasa ya fi ruwan sama ɓarna tunda shi kullum ne. Ka nesanta fos ɗin da katanga, tiyo ya zama mai kyau, wurin da aka sa karo a yi mishi nashi gindi. Rashin magudanar ruwa na cikin manyan matsalolin tsohon garin, masu duba dosiye sun san da haka.

Uwar Biyu, ƙanwata, ban ƙi maganarki ba. Doka mai cewa kar ka yi ba tare da ta ce ga taimako ba gurguwa ce, kuma an yi purje, wato ayyukan tallafi, da suka gyara wasu gidaje a tsohon garin suka koyar da matasa aikin ƙasa amma ba su kai ga kowa ba, nesa ma. Sai dai misalin Yamai da kika kawo ni a wajena hujja ce ta ɗaya ɓangaren. Yau in ɗanki ya ce nuna mini yadda garin nan yake kafin a maido babban birni daga Zinder a 1926, ina za ki kai shi? Sai gidan tarihi na Bubu Hama ya ga bukkokin da aka gina don nuni.

Uwar Biyu:

To na ji. Amma dai a gyara wa tsohuwa ɗakinta kafin ruwa, tarihi ya biyo baya. Kuma Ɗan Katako yashin da tsakuwar da aka sauke kar ka bari yara su watsar, ka yi fos ɗin da su.

Ɗan Katako:

Haka za a yi in sha Allah. Na ce wa yayana gobe ya nemo itace a tokare katangar ya kuma je wajen mai unguwa, ni kuma ranar Alhamis zan hau bis in je in gani da idona, hanyar Tawa zuwa Agadas ɗin nan dai Allah ya sawwaƙe. Ɗan Magini, tunda ta garinku zan bi, in baba zai yarda in tsaya in gaishe shi in nuna mishi hotunan a waya ya gaya mini ko katangar za ta gyaru ko sai an sauke ta, ka yi mini magana ta ciki. Kuma ka tambaye shi azarar giginya yanzu a ina ake samunta, don nan Katako abin da ake kawo mana da sunanta rabi ba ita ba ce.